Ƙasar da Ba Ta Ga Wuta Ba

A gidanmu na Toranke, in sanyi ya kama, wutar da ake hurawa a tsakar gida bayan sallar isha'i ta Iya ce, mu 'yan cin arziki ne kawai. A wasu gidajen ana hura wuta don a ji ɗumi, in da hali a tura rogo ko dankali cikin toka. Ita kakarmu ƙasa take gasawa. Za ta fito da wani tsohon kasko mai baƙin gindi ta ɗora a murhu, ta farfasa curin farar ƙasa a ciki, irin wadda mata ke shafe ɗaki da ita, ta ja kujerarta 'yar tsugunno ta zauna tana juyawa da guntun ƙarfe. Mu jikoki mu kewaye ta, gabanmu na gasuwa, bayanmu na kaɗawa, kowa ya cusa gwiwoyinsa cikin riga. Har yau in na ji ƙamshin sabon tulu, sai in ji kamar ana shirin fara tatsuniya.

Iya, mahaifiyar babana, 'yar wanzamai ce daga Kademi. Ba a ba 'ya mace aska, amma mahaifinta ya bar mata abin da ke biyo bayan aska, wato tsayar da jini. A gasa farar ƙasa har sai in an ɗiga mata ruwa ya yi tsalle ya ɓace, a kife ta da wani kaskon ta huce, a daka, a tankaɗe da rariyar laushi, a haɗa da ɗan garin alif, wannan da ake kwantar da dattin ruwa da shi. Wanda lauje ya zarce wa a yatsa, wanda fartanya ta sara, makiyayin da sa ya yaga wa cinya da ƙaho, duk ƙofarta ake kawo su. Ta wanke hannu, ta barbaɗa garin, ta ɗora wankakken ƙyalle, ta danne da duk nauyinta. Ba ta ɗaga hannu sai ta cika salati ɗari a ranta, ko da mai raunin zai cika gidan da ihu.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne yawan abin. Garin da za a buƙata a shekara bai wuce cikin ƙwarya guda ba, amma ƙarƙashin gadonta tukwane ne a jere, kowacce an toshe bakinta da ƙyalle an ɗaure. Na bara na nan, na bara waccan na nan, ga ta kuma tana ƙara wani.

"Iya, wai yaƙi za a yi a garin nan ba a gaya mana ba?" in ji ni wata rana.

"Yo kai da ko kaza aka yanka sai ka runtse ido, ina ruwanka da yaƙi?" in ji ta. "Miji har miji, ko goro ɗaya ban taɓa gani ba, sai shegen surutu."

Haka muke da ita, wasan jika da kaka. A gida kowa Baffa yake ce mini. Sunana na yanka, Idirisu, sai da na shiga firamare na fara jin sa a bakin malamai. Ita Iya ko Baffan ba ta cika faɗa ba, daga "maigida" sai "kai wannan". Kuma in tana tsokanata, gefe take kallo. Ban taɓa kawo komai a raina ba, tunda rabin yaran unguwarmu da laƙabi ake kiransu.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, yawancinsu na ban dariya, na kura da biri da wawayen sarakai. Amma akwai guda ɗaya da ba ta bayarwa sai sau ɗaya a shekara, ranar da za ta gasa kaskon ƙarshe. Ita wannan ba ta yi mata buɗewar da ake yi wa tatsuniya, ba ta jira mu amsa. Sai dai ta rage murya, idonta a kan kasko, ta ce, "Ku matso. An yi wata mata."

An yi wata mata, in ji Iya, da ta je ɗibar farar ƙasa a wani rami bayan gari. Tana cikin haƙa sai ta ji an yi tari a bayanta. Da ta waiga sai ta ga wata tsohuwa zaune a bakin ramin, hannuwanta fari fat har gwiwa, ba ta kuma ga ta inda ta ɓullo ba. Tsohuwar ta ce ita ce mai wurin, kuma tunda matar ta yi sallama kafin ta fara sara, za ta yi mata kyauta. Ta ce ƙasar nan tana kama jini, duk raunin da aka zuba ta zai tsaya cak.

A nan Iya kan shaƙe murya ta koma tsohuwar. "Amma ki ji da kyau, 'yar nan. Ƙasa mayunwaciya ce. Duk abin da ta ɗanɗana nata ne, ko ba jima ko ba daɗe. Sai kin fara nuna mata wuta, ta manta da yunwarta. In kika zuba ta ɗanya za ta riƙe miki jinin, ba za ta ba ki kunya ba. Amma za ta biyo sawu."

Matar ta riƙe wannan magana. Kowane sanyi takan gasa abin da zai kai ta shekara, ta cika 'yar batta ta ƙulle a bakin zane, duk inda ta sa ƙafa tana tare da ita. Sai wata shekara aka yi ta samun raunuka a garin, garin ƙasar ya ƙare tun ruwa bai sauka ba. Ta ce bari dai sanyi ya dawo, wa zai zauna gaban kasko cikin wannan zafin bazara.

Rannan ta kai fura wata gona mai nisa, inda wani yaro na gidansu ke sassabe shi kaɗai.

"Ɗanta ne?" Kullum sai wani a cikinmu ya tambaya.

"Wani yaro ne dai."

"Ya sunansa?"

"Yaron tatsuniya ba shi da suna. In za ku ji, ku ji."

Tana sauke ƙwarya, adda ta goce daga kututture ta sauka a sharaɓar yaron. Jini ya shiga tsartuwa. Ta kwance bakin zane, batta wayam. Ta ƙwala kira, babu kowa. Kusa da su akwai gawo, inda shanun makiyaya suka yi rani suna kwanciya, tunda shi kaɗai ne ke da inuwa a wannan lokacin, ƙasar gindinsa ta yi laushi kamar gari. Matar ta tuna maganar tsohuwa sarai, ba mantawa ta yi ba. Amma ta ga leɓen yaron ya fara fari. Sai ta kamfato ƙasar da hannu biyu ta cusa a raunin, ta danne. Jini ya tsaya.

Aka ɗauko yaro aka kawo gida, gari ya ɗauka, kowa na sa wa matar albarka. Rauni ya fara haɗewa, har yaro ya fara dogara sanda yana fitowa ƙofar ɗaki. Ranar kwana takwas, da magariba, matar ta ga shatin farin hannu a jikin ƙyauren ɗakin da yake kwance, ita kaɗai ta gani. Aka kai masa tuwo, ya kasa buɗe baki, domin tsohuwa ta riƙe masa muƙamuƙi. Kashegari ta kama bayansa ta lanƙwasa kamar baka. In an buga taɓarya a maƙwabta sai ta girgiza shi, in ƙyaure ya yi ƙara sai ta girgiza shi, kuma duk abin nan idonsa biyu, yana jin kowa. A kwana na uku ta tafi da abinta.

Daga nan Iya ba ta rufe tatsuniyar da 'yar maganar nan da ake rufewa da ita, wadda mai bayarwa ke amsa cewa ƙarya ce ya shirga. Sai ta ci gaba da juya ƙasa, can ta ce, "To, ku da kuke da wayo. Matar nan, ceton yaron ta yi ko kashe shi?"

Yawancin shekaru babu mai amsawa. Ƙanana sun yi barci a kan cinyar manya, manyan kuma tsoro ya hana su ko waiwaye, kowa na jin kamar tsohuwa mai farin hannu na tsaye a bayan rumbu. Ni kaina na sha riƙe fitsari har asuba saboda ita. Darasin da muka ɗauka kuwa bai wuce na kowace tatsuniya ba, cewa in babba ya kafa maka sharaɗi ka bi.

Shekarar da nake aji huɗu, kaina ya fara rawa, na fara jin ni ma wani ne. Da Iya ta yi tambayarta sai Larai, 'yar ƙanin babana wadda muke sa'anni kuma ba ma ga maciji, ta ce, "Ceton sa ta yi, Iya. Ai jinin ya tsaya." Ni kuwa in Larai ta ce gabas, dole in ce yamma.

"Ita ta kashe shi mana," na ce. "An gaya mata, ta ji da kunnenta. Da ba ta yi ƙyuyar gashi ba da battarta ba ta ƙare ba. Kuma da ta ƙare, wa ya aike ta ta ɗebo ɗanya?"

Na faɗa ina duban Larai, ina jiran a ce na ci. Sai na ji ƙarar ƙarfe a kasko ta ɗauke. Iya ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ba harara ba ce, ba kuma fushi. Kallo ne irin na wanda ya daɗe a tsaye yana jiran a kira shi.

"To," in ji ta. "Ka faɗa."

Ta dafa gwiwa ta miƙe ta shige ɗaki, ta bar kasko a kan wuta, har sai da mahaifiyata ta fito ta sauke. Kashegari ta tsokane ni kamar kullum, ta kuma ajiye mini ƙanzon tuwo kamar kullum. Ta ci gaba da gashinta kowane sanyi, ta ci gaba da kura da biri. Amma tatsuniyar matar nan, daga ranar ba mu ƙara jin ta ba.

Sai da na gama sakandare, na sami gurbi a makarantar koyon aikin lafiya a Kano, sannan na san abin da na aikata. Saura 'yan kwanaki in tafi, muka je sassabe da Baba a gonarmu ta nesa, wadda ba a cika tura yara ba. Da rana ta take muka koma inuwar wani tsohon gawo. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya nuna da bakin addarsa.

"Nan ne," in ji shi. "Tunda aikin jini za ka koya, gara ka sani. Yayana ne, Yaya Idi. Sunansa ka ci."

Baba ya ci gaba, muryarsa ba hawa ba sauka. Ya ce Yaya Idi shi ne ɗan farin Iya, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce, balle a wancan zamanin. Uwa ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa a gaban mutane. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Rabon Iya da ta taɓa jikinsa tun yaye, sai ranar da ta danne masa ƙafa a gindin gawon nan, yana ɗan shekara goma sha biyar.

"Da ciwon ya tashi, a ɗakin kaka aka kwantar da shi," in ji Baba. "Ina ƙarami amma ina tunawa. Mata na shiga suna fita, ita ba dama ta shiga ta zauna, sai a ce ba ta da kara. Bayan danga take tsayawa, wai tana tsintar itace. Kwana uku tana tsintar itace a wuri ɗaya. Ranar da ya rasu ma ba wanda ya ga hawayenta. Ita ta yi dakan furar 'yan gaisuwa."

Na ce, "Amma Baba, ai kwanansa ne ya ƙare."

"Kowa ya gaya mata haka, ita ma haka take faɗa, ta kuma yarda. Ajali na Allah ne, ta fi ka sani. Sanadin take tambaya." Ya juyo ya dube ni. "Ina zaure ranar da ka ba ta amsa, na ji ka. Na tashi zan zane ka, ta aiko aka ce in ƙyale ka. Wai tambayarka aka yi."

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Shekara da shekaru tsohuwar nan ba ta da inda za ta ambaci ɗanta sai a bakin wuta, cikin rigar tatsuniya, gaban yaran da ba su san komai ba. Tana ta jefa tambayarta, har ranar da aka amsa mata, kuma bakin da ya amsa na mai sunan yaron ne. Na yi kuka a gonar nan, Baba ya yi kamar bai gani ba.

Kowa zai ce me ya hana ni komawa gida in durƙusa in ba ta haƙuri. Kunya ce, da tsoro. In na ba ta haƙuri, na nuna na san abin da ta rufe, na tone mata ciki a tsakar gida. Sai na yi wa kaina alkawari cewa zan je in yi karatu, in dawo mata da amsa ta gaskiya, wadda ta fi ta ɗan aji huɗu.

Karatun bai yi mini adalci ba. A shekarar farko aka koya mana ciwon da a asibiti ake kira tetanas. Ƙwayar cutarsa a ƙasa take zaune, musamman inda dabbobi suka yi kashi. Ta rauni mai zurfi take shiga, ta yi kwanaki shiru, sannan ta kulle haƙora, ta sandarar da jiki, ta gantsarar da baya, ƙara kaɗan ta tayar da jijjiga. Malamin na bayani, ni kuwa ina ganin tsohuwa mai farin hannu a jikin allo, babu abin da ya rage a cikin kamanninta. Wato wuta ce ke kashe ƙwayar, wanzaman Kademi sun gano haka ba tare da sun taɓa ganinta ba. Wato kuma hukuncina na yarinta yana da ƙafar tsayawa. Na haɗiye wannan, na gama makaranta, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a cikin Ajingi. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, duk Juma'a ina kai wa Iya goro tana cewa sai yanzu na zama miji, maganar na nan tsakaninmu ba mai taɓa ta.

Sai 'yan shekarun baya aka kira mu bita a kan taimakon gaggawa ga wanda jini ya ɓalle wa. Mai koyarwar ya yage wata 'yar leda ya zaro bandeji, ya ce wannan ba irin wanda muka saba ba ne, an jiƙa zarensa da wani ma'adini da ke sa jini ya yi saurin daskarewa. Ana cusa shi har ƙasan rauni, a danne da ƙarfi na wasu mintoci ba ɗagawa. Na tambayi sunan ma'adinin, ya faɗa da Turanci, sannan ya yi dariya ya ce, "Farar ƙasa ce fa, irin ta ƙauye. An dai tace ta ne, an kashe duk wata cuta da ke ciki." Ya kuma ce in babbar jijiya ta yanke, mutum na iya tafiya kafin a gama neman mota, don haka duk wanda ya tsayar da jinin shi ya fara ceto.

Na ce a raina yau na samu abin kai wa Iya. Amma mutumin bai tsaya nan ba. Ya ce kada mu ɗauka sai da wannan bandejin, tunda ba ko'ina ake samunsa ba. Uwa uba shi ne dannewa. Ko tsumma mai tsabta ne, in aka cusa shi da kyau aka ɗora nauyi, sau da yawa ya isa. Wannan rabin maganar na ninke ta na ajiye a raina, ban yi niyyar kai ta gida ba.

Na roƙi guda ɗaya cikin waɗanda aka yi mana gwaji da su, na tafi Toranke. Da hantsi na same ta a ƙofar ɗaki tana shan rana. Lokacin idonta ya tafi, sai dai ta gane mutum da takunsa.

"Maigida ne? Yau ba Juma'a ba, me aka yi?"

"Tsaraba na kawo miki, Iya. Taɓa ki ji."

Ta murza bandejin tsakanin yatsu, ta shinshina, ta kai bakin harshe. Fuskarta ta saki.

"Farar ƙasa ce. A ina ka samo ta cikin tsumma?"

"Ita likitoci ke tsayar da jini da ita yanzu, har a ƙasashen waje."

"Sun gasa?"

"Sun yi mata abin da ya fi gashi."

"Ashe sun yi hankali," in ji ta, ta yi dariya har da tari.

Na gyara zama a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Iya, matar nan ta tatsuniya. Wadda ta je gona da fura."

Dariyar ta ɗauke. Amma ba ta hana ni ba.

"Na zo in sake amsa ne. Lokacin ban san komai ba, Larai nake so in kayar. Yanzu aikina ne. Irin wannan saran, in ba a tsayar da jinin nan take ba, ko bakin gona ba a kaiwa. Da matar nan ta tsaya neman gasasshiya, gawa za a ɗauko daga gindin gawo. Ita ta sa ya iso gida da ransa. Abin da ya biyo baya allura ce maganinsa, kuma a lokacin babu wanda ya san a nema. Ceton sa ta yi, Iya."

Ta daɗe tana shafa bandejin a kan cinyarta. Wata kaza ta zo ta wuce ta tsakaninmu.

"Na ji," in ji ta. "To bari in tambaye ka, tunda ka zama malami. Na danne raunuka sun fi gashin kanka. Wani lokacin ina lura, kafin garin ya gama aikinsa, hannun ya riga ya yi. Matar nan akwai ɗankwali a kanta, wankakke, ranar ta ɗaura shi. Da ta cire ta cusa a wurin, ta hau kai da ƙarfinta, ba ta taɓa ƙasa ba, zai tsaya?"

Abin da na ɓoye, shi ta miƙa hannu ta ɗauko. Ashe ba ceto ko kisa take ta juyawa ba duk shekarun nan, ɗankwalin ne. Na buɗe baki, maganar mai koyarwa ta tokare ni. Ban fi numfashi biyu ina shiru ba.

"Ba zai tsaya ba, Iya," na ce. "Wallahi sai da ƙasar."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta laluba ta kamo hannuna, ta sa mini bandejin a ciki ta rufe yatsuna a kai.

"Mayar musu, wani zai buƙata. Allah ya yi maka albarka, maigida." Ta juya fuska wajen rana. "Amma kana yaro ka fi saurin amsa."

Ba mu ƙara tayar da maganar ba. A daminar shekarar ta rasu, cikin barcin rana, ba ciwo ba jinya.

Yanzu a wurin aiki, in uwa ta shigo da yaro an cusa masa ƙasa ko toka a rauni, abokan aikina kan hau ta da faɗa, wa ya ce, wa ya aike ki. Ni ba na iyawa. Nakan wanke raunin tas, in yi masa allura, in ce mata sannu da ƙoƙari, jini ya tsaya. Sai hankalinta ya kwanta sannan in nuna mata da ɗankwalinta yadda ake cusawa a danne, in ce gaba kada ta taɓa ƙasa, ɗanya ko gasasshiya, ta danne kawai ta taho. Wannan na koya, kuma da tsada na koye shi.

Amma tambayar Iya har yau tana nan. Na sha auna ta. Na ga sara a sharaɓa da tsumma ya tsayar, na ga wanda ya jiƙa zane uku bai tsaya ba sai da aka ɗaure cinya. Ban ga raunin Baffa Idi ba, babu wanda ya gan shi a buɗe sai ita. Kuma ko da ɗankwalin ya tsayar da jinin, addar da ta wuni tana saran kututture a gonar da shanu suka yi rani, wa ya san abin da ta riga ta shigar? Amsar gaskiya ita ce ban sani ba, kuma babu mahaluƙin da ya sani. Da ita na ba ta, da na ce Iya, ni da karatuna ban sani ba, ke ma ba za ki taɓa sani ba, mu bar wa Mai sani, wataƙila da ta yarda, domin mace ce da ta san ƙarar gaskiya. Wataƙila da ta samu ɗan wurin da za ta sauke kayan.

Na hana ta wannan. Sau biyu ta tambaye ni a rayuwarta. Da farko na amsa don in kayar da Larai, na biyu na rantse don ina tausayinta, ta kuma ji shirun da na yi kafin rantsuwar. A cikin biyun, ta farkon ce kaɗai ta ji ta fito ba gargada, kuma ina tsoron da ita aka binne ta.